Taga Ɗaya, Masu Nema Uku: Hange, Sirri da Yanayi a Gidan Alfarma na Zamani

A shekarar 1951 aka kammala wa Dakta Edith Farnsworth, wata likitar ƙoda a birnin Chicago, gidan hutun da ta daɗe tana buri, a bakin kogin Fox kusa da garin Plano a jihar Illinois ta Amurka. Ludwig Mies van der Rohe ne ya zana shi. Ɗaki ɗaya ne dogo, ginshiƙan ƙarfe takwas suna ɗauke da shi, bangonsa duka huɗu gilashi ne tun daga daɓe har rufi. Wanda ya tsaya a ciki zai ga kogi da itatuwa ta ko'ina kamar babu abin da ya shiga tsakani. Har gobe ɗaliban zanen gini suna zuwa kallonsa, kuma ya isa a kalle shi.

Sai dai matar da ta biya kuɗin ba ta sami natsuwa a cikinsa ba. Da bazara gidan yakan ɗau zafi, domin ban da ƙofa, 'yan ƙananan tagogi biyu ne kawai ke buɗuwa. Da hunturu raɓa takan kwanta a jikin gilashin. Da dare fitilun ciki sukan tara ƙwari, su kuma bayyana ta ga duk wanda ke waje, ga masu sha'awar ginin da suka riƙa zuwa leƙe. An ɗaga daɓen mita 1.6 daga ƙasa saboda ambaliya, amma ruwa ya shiga a 1954, ya sake shiga a 1996 da 2008. A 1968 hukuma ta karɓi wani yanki na filin don sabuwar gada da hanya, motoci suka matso kusa. A 1972 ta sayar da gidan.

Duk rigimar da ke cikin zanen gidan alfarma na zamani tana cikin wannan labari. Mai hali yakan sayi fili a kan tudu, ko a bakin teku, ko a gefen daji, ya biya ninkin abin da zai biya a wani wuri saboda abin da ake hangowa daga can. Yana son ya ga abin nan daga falo, daga kan gado, har daga banɗaki. Yana son kada kowa ya gan shi. Yana kuma son gidan ya yi sanyi lokacin zafi, ya riƙe ɗumi lokacin sanyi. Buƙatun nan uku a wuri ɗaya suke cin karo, wato a taga. Kafar da ka huda a bango don ka hangi teku, ta nan rana za ta shigo, ta nan ɗumi zai fice, ta nan idon maƙwabci zai same ka. Hange yana neman a faɗaɗa ta, sirri da yanayi suna neman a rage ta. A mafi yawan gidajen da ake tallatawa a mujallu da intanet hange ne ke yin rinjaye, saboda shi kaɗai ke fitowa a hoto. Zafin la'asar ba ya fitowa a hoto, haka takurar mutumin da ya kasa zama a falonsa sai da labule a sake.

A ganina jerin buƙatun nan uku ne ake juyawa. Abin da ya kamata a fara da shi shi ne wanda kuɗi ba sa iya canzawa, wato hanyar rana da ta iska. Sai idanun mutane. Hange shi ne na ƙarshe, ba don ba shi da daraja ba, sai don shi ne ya fi sauƙin sarrafawa, kuma kaɗan daga cikinsa yakan wadatar idan an san inda za a ajiye shi.

A fara da rana. Duniya a karkace take da kimanin digiri 23.4, shi ya sa tsayin rana a sama yake sauyawa da watanni. A garuruwan da ke kusa da digiri 40 arewa da ikwaita, irin su Madrid da New York da Beijing, rana takan kai kusan digiri 73 a sama da tsakar rana a watan Yuni, a Disamba kuwa ba ta wuce digiri 27. Wannan bambanci kyauta ce ga mai zane. Taga mai fuskantar kudu, idan aka yi mata rumfa a sama daidai gwargwado, ranar bazara ba za ta taɓa gilashinta ba, ranar hunturu kuma za ta shige ta ƙarƙashin rumfar ta ɗumama daɓe har tsakiyar ɗaki. A kudancin duniya, kamar Ostireliya, arewa ce ke yin wannan aiki. A ƙasashen da ke kusa da ikwaita rana takan bi ta arewa wasu watanni, ta bi ta kudu wasu, amma tana can sama, don haka rufi mai dogon baki yakan kare bangarorin biyu.

Gabas da yamma su ne matsala a ko'ina a duniya. Rana a can ƙasa-ƙasa take, tana shigowa kai tsaye, rumfar sama ba ta tare ta. Yamma ta fi muni, domin ranar la'asar tana zuwa ne bayan bango da daɓe da iska duk sun riga sun ɗau zafin yini. Ga shi kuma hangen da aka fi so sau da yawa yana yamma, inda rana ke faɗuwa a kan teku ko bayan duwatsu. A ƙaddara bangon gilashi mai faɗin murabba'in mita 30 yana fuskantar yamma, rana tana zuba masa wat 600 a kowane murabba'in mita da la'asar, abin da ba baƙo ba ne a ranar da gari ya yi garau. Gilashi na yau da kullum yakan bar kusan kashi 80 cikin ɗari ya shige. Wannan ya haura kilowat 14, kamar a kunna hita bakwai masu kilowat biyu-biyu a falo ɗaya. Na'urar sanyaya ɗaki za ta iya yaƙi da zafin iskar, amma ba za ta hana ranar dukan fatar wanda ke zaune kusa da gilashin ba, kuma ba za ta hana hasken kashe masa ido ba. Sai a saki labule. An sayi fili don faɗuwar rana, an wayi gari lokacin faɗuwar rana ne ake rufe taga.

Gilashin zamani ya rage wannan sosai. Akwai mai ninki biyu ko uku da iskar agon, wata iskar gas mai rage wucewar zafi, a tsakani, da wani siririn shafi na azurfa da ido ba ya gani, wanda ke mayar da zafi baya. Irin wanda aka yi don tare rana yakan bar kashi 25 zuwa 30 kawai ya wuce. Ta fuskar riƙe ɗumi ma an yi nisa: gilashi falle ɗaya yana zubar da kusan wat 5.8 a murabba'in mita kan kowane digiri na bambancin ciki da waje, mai ninki biyu mai kyau kusan 1.1, mai ninki uku kusan 0.6 zuwa 0.7. Amma bango da aka yi wa rufin zafi da kyau yana wajen 0.15 zuwa 0.2. Ke nan gilashin da ya fi kowanne tsada har yanzu ya ninka bango sau uku ko huɗu wajen ɓarna. Masu sayarwa ba su cika faɗin wannan ba. Abu na biyu da ya kamata mai gida ya riƙe shi ne inuwar waje ta fi ta ciki nesa ba kusa ba. Labule yana tare hasken da ya riga ya ratsa gilashi, zafin ya riga ya shigo gida. Baranda mai zurfi, ko faifan katako na tsaye da ake juyawa, ko marfin waje mai zamewa, ko itace mai zubar da ganye da hunturu, su ke tsayar da rana tun kafin ta taɓa gilashin.

To yaya za a yi da hangen yamma? Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a raba wurin kallo da wurin zama. Ɗakunan da ake yini a cikinsu su fuskanci ɓangaren da rana ke da sauƙin sarrafawa, a buɗe musu taga ɗaya mai zurfi ta wajen yamma, sannan a yi baranda mai rufi a can wadda ake fita a zauna idan rana ta sunkuya. Faɗuwar rana abu ne na minti talatin ko arba'in. Bai dace a sadaukar da sa'o'i biyar na la'asar dominsa ba.

Nan ne ma ake gane cewa hange mai yawa ba lallai ya fi daɗi ba. Ido yana sabawa. Tekun da mutum ke gani ta kowane bango tun safe har dare, bayan 'yan watanni yakan koma kamar fentin ɗaki. A Jafan akwai tsohuwar dabara ta aron abin da ke nesa a shigo da shi cikin lambu. A haikalin Entsuji da ke Kyoto, an yi shinge a tsaye daidai inda zai ɓoye abin da ke tsakani, sai kututturan itatuwa suka zama kamar firam, dutsen Hiei da ke can nesa ya zauna a ciki kamar na gidan ne. Abin da aka ɓoye shi ya ba abin da aka nuna ƙarfi. Frank Lloyd Wright ya yi abin da ya fi wannan tsauri a gidan Fallingwater da ya zana a 1935 a jihar Pennsylvania. Masu gidan, iyalan Kaufmann, sun zaci gidan zai zauna a gefe yana kallon magangarar ruwan da suke ƙauna, shi kuwa ya ɗora shi a kanta. Daga ciki ana jin ruwan dare da rana, amma mai son ganinsa sosai sai ya fita. Gidan ya biya farashin wannan da danshi da yoyo, barandunsa na kankare kuma suka yi ta sunkuyawa har aka ɗaure su da igiyoyin ƙarfe a 2002. Ba na ba kowa shawarar gini a kan ruwa. Abin ɗauka shi ne hange ana iya jinkirta shi: a shigo ta ƙofa ba a ga komai ba, a bi wani ɗan lungu, a juya, sai kwari ya buɗe gaba ɗaya.

Wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Jay Appleton, ya kawo bayani a 1975 cewa ɗan Adam ya fi sakewa a wurin da yake hangen nesa alhali bayansa a kare yake. Ko mutum bai karɓi dukan bayanin ba, ya san da wannan a jikinsa. Shiga kowane babban ɗaki ka ga kujerar da ake fara zama: wadda ke jingine da bango tana kallon fili. Gidan da gilashi ya kewaye ko'ina ya ba da hangen, ya hana mafakar. Gidan Stahl da Pierre Koenig ya zana, wanda aka gama a 1960 a kan tsaunin da ke kallon Los Angeles, an san shi da hoton dare inda falon gilashi ke lilo a kan fitilun birni. Abin da hoton bai nuna ba shi ne ɓangaren titi, wanda bango ne rufe ruf. Gidan ya juya wa mutane baya, ya buɗe fuskarsa ga sarari inda babu mai leƙe.

Maganar sirri ta fi wuya fiye da yadda ake zato, domin abin da ke kewaye da fili ba na mai gida ba ne. A dokar Ingila tun wata shari'a ta 1610 aka tsayar cewa mutum ba shi da haƙƙin hange, wato maƙwabci yana iya gini ya tare maka abin da kake kallo, kuma ƙasashe da dama da suka gaji wannan doka a kan haka suke. Leƙe na yau da kullum daga tagar maƙwabci ma ba abin kai ƙara ba ne. Shi ya sa shari'ar gidan adana zane-zane na Tate Modern a Landan ta ja hankali. A 2016 aka buɗe wani dandalin kallo a saman sabon bene na gidan, dubban ɗaruruwan baƙi a shekara suka riƙa hawa, suna kallon cikin gidajen alfarma na Neo Bankside masu bangon gilashi, waɗanda ke nesa da kimanin mita 34, har da ɗaukar hoto. Mazauna gidajen suka kai ƙara, alƙalin farko ya ce su saka labule. Sai a Fabrairun 2023 Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya, alƙalai uku suka rinjayi biyu, bisa hujjar cewa wannan ya wuce amfani da gini na al'ada. Shekaru suka yi suna shari'a, kuma da maƙwabcin nasu gidan zama ne kawai da ba su yi nasara ba. Don haka tun ran gini tun ran zane. Mai zane ya binciki abin da dokar tsara gari ta yarda a gina a kowane fili da ke kewaye, ya zana kamar an riga an gina shi har iyakar tsayinsa. Ƙananan hukumomi da yawa a Birtaniya suna neman tazarar kusan mita 21 tsakanin tagogin da ke kallon juna, amma wannan mafi ƙaranci ne, kuma ba ya kare mutum daga wanda ke sama da shi a kan gangare.

Mai zanen gini Philip Johnson ya gina nasa gidan gilashin a garin New Canaan na jihar Connecticut ta Amurka a 1949, ya zauna a wurin har ƙarshen rayuwarsa, amma ta hanyoyi biyu da ba kowa ke lura da su ba. Ya gina wani gida na bulo a gabansa, wanda kusan ba shi da taga ta wannan fuska, ya kuma yi ta sayen filayen kewaye har suka haura eka 40. Da faɗin ƙasa ya sayi sirrinsa. Wanda ba shi da irin wannan fili dole bango ya yi masa aikin.

Akwai kuma abin da dare ke yi wa gilashi. Ido yana gani ne daga ɓangaren duhu zuwa ɓangaren haske. Da rana waje ya fi haske, na ciki yana gani ba a ganinsa sosai, kuma gilashi mai ɗaukar ido kamar madubi yana ƙara wannan. Da magariba ta yi aka kunna fitila, sai lamarin ya juye: na waje yana ganin komai, na ciki kuwa fuskarsa kawai yake gani a baƙin gilashi. Hange ya tafi, sirri ya tafi, a lokaci guda. Johnson ya nemi masanin haske Richard Kelly, wanda ya haska itatuwa da ciyawar waje ya rage fitilun ciki, sai gilashin ya sake zama abin gani ta cikinsa. Wannan dabara ba ta da tsada idan aka kwatanta da sauran kayan gida, amma sai an shirya wayoyinta tun kafin a zuba daɓe.

Wasu masu zane sun warware rigimar ta wata hanya daban: suka ƙirƙiro abin kallo a cikin gida. Luis Barragán ya gina gidansa a unguwar Tacubaya ta birnin Meziko a 1948. Daga titi bango ne na siminti da ba wanda zai waiwaya ya kalla. A ciki, babbar tagar falo tana kallon lambu da katanga ta kewaye, a kan rufi kuma ya ɗaga bangaye har ba a ganin komai sai sama. UNESCO ta sa gidan cikin kayan tarihin duniya a 2004. Tadao Ando ya yi irin wannan a ƙaramin gidan Azuma a Osaka a 1976, inda ya raba siririn fili uku ya bar na tsakiya a buɗe, fuskar titi kuma babu taga ko ɗaya. Nasa ya yi tsanani, don mai gida sai ya ratsa ruwan sama kafin ya je wani ɗaki, amma ya nuna cewa sama ita ce hangen da maƙwabci ba ya iya tarewa cikin sauƙi. Geoffrey Bawa a Siri Lanka ya yi ta amfani da tsakar gida da baranda a gidajen Colombo tun farkon shekarun 1960, a kan ƙananan filaye cikin zafi da laima.

Sai dai katanga tana da nata laifin, kuma a nan sirri da yanayi suke rabuwa. Katangar da ta tare ido tana tare iska. A wuri mai zafi da bushewa, inda dare ke yin sanyi sosai, wannan ba damuwa ba ce: bango mai kauri yana shanye zafin yini a hankali, a buɗe tagogin sama da dare ya huce, ƙaramar tsakar gida mai inuwa da ɗan ruwa ta riƙe sanyin safiya. Hassan Fathy na Masar ya dawo da bututun kamun iska a saman rufi, da tagar katako mai ƙananan ramuka irin ta tsofaffin gidajen Alƙahira, wadda ke tace haske, ta bar iska ta wuce, ta bar na ciki ya ga titi ba a gan shi ba. A wuri mai zafi da laima kuwa, inda dare ba ya hucewa, bango mai kauri yakan zama tanda, abin da jiki ke nema shi ne iska mai motsi. Gidan ya zama siriri, ɗaki ɗaya a faɗi, da kafa ta shiga da kafa ta fita a bangaye masu fuskantar juna. Glenn Murcutt, wanda ya karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini, a 2002, ya zana gidan Marika-Alderton a Yirrkala da ke arewacin Ostireliya, aka gama a 1994, babu gilashi a tagoginsa. Bangayen ne da kansu ake ɗagawa su zama rumfa, an ɗora gidan a kan ƙafafu iska na bi ta ƙasa, an kuma sa wasu faifai na tsaye tsakanin ɗakunan kwana da ke tare ranar safe da ta yamma, su kuma hana ganin juna. Abu ɗaya ya yi aiki uku. Wannan shi ne abin da nake nema a kowane zane, kuma da wuya a same shi idan an ɗauko fasalin gida daga hoton wata ƙasa mai wani yanayi.

Iska tana ɗauke da murya, wannan ma sirri ne. Tagar ɗakin kwana da ke buɗe kusa da barandar baƙi, ko wurin wanka da ke ƙarƙashin tagar maƙwabci, ba a ganin laifinsu a takarda.

Wuraren da suka fi kyan hange sau da yawa su ne suka fi haɗari. Bakin teku yana da gishiri mai cin ƙarfe, sai an nemi ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316 ko abin da ya fi shi, har a kan ƙusoshi da hannun ƙofa. Bayan guguwar Andrew ta 1992, kudancin Florida ya tsaurara doka kan tagogin da za su jure dukan tarkace. Kan tudu yana da iska mai ƙarfi da za ta hana zama a barandar da ba ta da kariya, kuma wuta ta fi gudu idan tana hawan gangare. Gobarar Palisades ta Janairun 2025 ta cinye dubban gine-gine a Los Angeles, da yawansu gidajen alfarma masu kallon teku. Dokar Kalifoniya tana neman a rage ciyayi da itatuwa har ƙafa 100, kusan mita 30, kewaye da gida a wuraren haɗari. Ga mai neman sirri wannan babban cikas ne, don shingen itatuwa masu duhu da ya dogara da shi ya ɓoye gidansa shi ne makamashin wutar. A irin wannan wuri katangar dutse ko ta kankare kusa da gida, da itatuwa a can nesa a warwatse, su ne mafita, tare da ragar ƙarfe mai ƙananan ido a kan duk kafar iska saboda tartsatsi.

Duk wannan ba ya fitowa a zanen da ake kallo daga sama, wanda masu gida suka fi sha'awa don yana nuna girman ɗakuna. Yana fitowa ne a zanen da ya yanka gidan a tsaye, daga titi, ta cikin falo, har gangare da gidan maƙwabci. A kansa ake ja layi daga idon mutumin da ke tsaye a titi, da na wanda ke benen maƙwabta, da layin ranar Yuni da ta Disamba, da idon mai gida yana zaune a kujera, wanda bai fi mita 1.2 daga daɓe ba. Sau da yawa za a tarar ɗaga daɓen falo da rabin mita, ko ɗaga gindin taga zuwa ƙugu, ya ɓoye titi da motoci da rufin maƙwabta, ya bar duwatsu da sama kawai. Kafin a zuba harsashi kuma, ana iya kafa dandamali na wucin gadi daidai tsayin daɓen da aka zana, mai gida ya hau ya zauna da hantsi, da la'asar, da bayan magariba lokacin da fitilun maƙwabta suka kama, ya ga tagogin da ke kallonsa ɗaya bayan ɗaya.